Zugun da Jakada Ya Yi Sha'awa

A Karare, a zamanin da nake faɗi, ba a yabon abu da baki buɗe. Mace ta shigo barka, ta ɗauki jariri jawur kamar tsada, sai ta ce, "Kai, wa ya haifo mana wannan mummuna?" A yi dariya, uwar ta ji sanyi a ranta. In abu ya fi ƙarfin bakinka, ka ce tubarkalla ka wuce. Tsoron baki muke yi. Amma akwai bakin da tubarkalla ba ta maganinsa, shi ne bakin babba. In mai sarauta ko yaronsa ya dubi abinka ya ce ya yi sha'awa, amsarka ɗaya ce: "Naka ne, ranka shi daɗe." Ba alƙali ne ya kafa wannan ba, malamai ma sun ce ba ya cikin littafi, amma ban taɓa ganin wanda ya tsallake shi ba.

Ni ce 'yar fari wurin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yaba mini. "'Yar nan" take cewa, ko ta yi gyaran murya in gane da ni take. Da babanmu ya rasu a Zakka, ga shi ba ta da ɗa namiji, sai na ɗauko ta na kawo ta gidan mijina, aka yi mata ɗaki kusa da rumbu. Idonta ya riga ya tafi, saura hannu. A ƙuruciyarta ita ce gwanar arafiya a Zakka, zaren nan siriri da ake yi wa manya riguna da shi. Ta kaɗa wa mutane har yatsunta suka kanannaɗe, ita kuwa ba ta taɓa ɗaura komai ba sai abawa, zare mai kauri na talaka.

Wata rana ina gurzar auduga a ƙofar ɗakinta, ta ce ba tare da ta juyo ba, "'Yar nan, abu ɗaya nake so. In na tafi, kada a naɗe ni da abawa. Na sa wa mutane laushi iyakar raina. Ko sau ɗaya jikina ya ji shi, ko da ban sani ba."

"Inna, ki bar wannan magana."

"In na bari, mutuwar fasawa za ta yi? Miƙo audugar in ji."

Ta murza ta a tsakanin yatsu, ta jefo mini. "Ta biyu ce. Tsinkar fari za ki nemo."

Haka muka fara. Wanda bai kaɗa arafiya ba bai san abin da take ci ba. Sai ka zaɓi auduga, ka gurje, ka shiɓe ta har ta tashi kamar kumfa, ka shafa alli a yatsu, sannan ka zauna da mazari ka manta kana da baya. Ni kuwa ga daka, ga rijiya, ga kai abinci gona. Tsakanin azahar da la'asar nake samun zama. In na cika mazari in kai mata, ta ja zaren a kan leɓenta, don leɓe ya fi yatsa jin kauri.

"Wannan kuma akuyar wa za a ɗaure da shi?"

In warware in sake.

"Nan kin yi tunanin wani abu. Ga ƙulli. Me kika tuna?"

Sai da kaka ta zagayo sau biyu kafin zaren ya isa. Ran da na kai mata na ƙarshe, ta ja a leɓe, ta sake ja, ta ce, "Zai yi." Ban taɓa jin abin da ya wuce wannan daga bakinta ba, kuma ya ishe ni.

Maigidana masaƙi ne. Hannunsa na da kyau, ba zan hana shi wannan ba ko yanzu da yake ƙasa. Ciwonsa ɗaya, son a gani. Sauran masaƙa suna kafa masaƙarsu inda inuwa take, shi kuwa inda hanya take. In mutum ya wuce bai dubi aikinsa ba, sai tari ya kama shi. Shi ya saƙa zaren nan, ya fito da zugu, naɗin farin ƙyalle wanda zai ishi likkafanin mace cikakke. Inna ta ɗora shi a kumatunta ta daɗe tana shafawa. Daga baya ta ce in sa a tukunya in liƙe bakin da laka saboda gara. Duk Karare an san da tukunyar nan da abin da ke cikinta.

Bayan an gama sussuka labari ya zo cewa jakada na tafe. Jakada shi ne yaron hakimin da ke riƙe da ƙasarmu daga can birnin Katsina. A birni an ce shi ma mai durƙuso ne, amma a nan ko atishawarsa doka ce. Kowa ya san abin yi. Aka kora raguna masu ƙiba wajen Fulani, can gefen daji. Mata suka tuɓe mundaye suka ɗauro tsummoki. Mai gari da kansa ya zaro rigarsa mai faci. Ka shigo garin ka rantse bara aka yi gobara.

Na dawo daga rijiya da tulu a kai, na tarar da tukunyar a buɗe, lakar bakin a warwatse a ƙasa. Inna na ɗakinta tana jan tasbaha, ba ta ji komai ba. Na sauke tulun na nufi zaure. Kafin in kai na ji muryoyin maza, sai na tsaya bayan zana na leƙa ta ramin da tururuwa suka ci.

Maigidana ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya warware zugun a kai, yana aunawa da kamu kamar mai wani aiki. Ya san masaukin jakada gidan mai gari ne, kuma hanyar masallaci ta ƙofarmu take. Ga jakada a tsaye, mai gari a bayansa, da dattawa.

"Wa ke da wannan hannu?" in ji jakada.

"Bawanka ne, ranka shi daɗe. Ɗan abin da ba a rasa ba."

"A ƙauyen nan? Mai gari, ashe ɓoye mana mutane kake yi."

Mai gari ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Jakada ya sunkuya ya ɗaga gefen ƙyallen wajen haske, ya hura shi, ya ga ya tashi.

"Ko a birni sai an tona. Wallahi na yi sha'awa."

Ina jin kaza na tono a bayana. Magana ɗaya ce za ta raba gardama: likkafanin surukata ne. Duk girman mutum ba ya miƙa hannu ga likkafanin wani. Da an faɗe ta, da jakada ya saki, ya ce Allah shi ba ta lafiya, ya wuce masallaci. Mace ba ta jefa murya cikin zauren maza, sai na ɗauki taɓarya na buga a turmin da babu komai a ciki, na sake bugawa. Maigidana ya ji. Na ga kunnensa ya motsa. Mai gari ma, Allah shi jiƙansa, ya buɗe masa ƙofa da kansa.

"Af, wannan ba na tsohuwar gidanka ba ne?"

Maigidana ya dubi mai gari, ya dubi jakada da har yanzu yake shafa ƙyallen.

"A'a, nata daban ne. Wannan naka ne, ranka shi daɗe."

Jakada ya ce Allah shi yi albarka. Ya tuɓe tsohuwar hular da ke ƙarƙashin rawaninsa, wadda zufa ta riga ta rine, ya miƙa masa tukuici. Wani daga cikin masu rakiyar ya naɗe zugun ya saɓa a kafaɗa.

Da maigidana ya shigo cikin gida, hular na kansa.

"Maigida, me ka yi ke nan?"

"Ke, kin ji abin da ya ce? Ko a birni sai an tona."

"Zarena ne."

"Zare ai zare ne. Saƙar ya gani."

"To ka tashi ka bi shi tun bai bar gari ba. Ka ce ka yi kuskure."

Sai a lokacin na ga fuskarsa ta sauya. "In ce me? In ce na ba jakadan hakimi likkafani ya ɗinka riga? Sai a ce mutuwa na yi masa fata. So kike a ɗaure ni a kai ni birni?"

Nan ya fi ni gaskiya, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Kafin ya ce "naka ne", gaskiyar ita ce za ta cece mu. Bayan ya faɗa, ita ce za ta hallaka mu. Har mai gari ya aiko matarsa ta ja kunnena kada maganar ta fita, a ce tsohuwa tana da nata a ajiye. Gari guda ya taru ya riƙe masa ƙaryarsa.

Na so in ɓoye wa Inna. Amma ina zan kai leɓen nan nata? Kowace Juma'a takan sa in fasa lakar ta taɓa ƙyallen, in sake liƙewa. Na shiga na zauna a bakin gadonta na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ba.

"Cewa ya yi ya yi sha'awa?"

"Haka ya ce."

"To. Ya san zare." Ta ja tasbaharta. Can ta ce, "Surukin nawa me aka ba shi?"

"Hula."

"Sabuwa?"

"Tsohuwa."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ban taɓa jin dariya mai ɗaci irin ta ba. Da ta lafa ta ce, "Akwai sauran tsinkar fari?"

Babu. Ta bana na riga na kaɗa ta abawa an saƙa wa manoma taguwa. Na taka har Yasore wurin wata ƙanwar babana, ta ba ni ɗan abin da ta rage. Na dawo na zauna da mazari. Na bar wa maƙwabciya dakana, na daina kai abinci gona, maigidana ya yi faɗa na ƙyale shi. Amma arafiya ba ta san gaggawa ba. In ka matsa mata ta tsinke, in ranka ya ɓaci ta yi ƙulli, ni kuwa raina a ɓace yake. Inna ta kwanta da bazara. Tana kwance tana miƙo hannu in ba ta zaren, ta kai leɓe, ta ce in warware. Ko da numfashi ya fara yi mata nauyi ba ta yarda ta ce zai yi ga abin da bai yi ba.

Ta rasu da ruwan farko, ran da kowa ya fita shuka. Abin da na kaɗa bai kai ya rufe mata ƙafa ba.

Aka ɗauko abawa daga cikin abin da maigidana ya saƙa don kasuwa, mai kaushi, har da ɓawon gurya maƙale a jiki. Ni da tsohuwar da ke wankan gawa a unguwarmu muka yi mata wanka. Na zauna ina tsince ɓawon da farce ɗaya bayan ɗaya, maza na sallama daga zaure suna cewa a hanzarta, hadari na haɗowa. Tsohuwar ta ce, "Bari haka nan, 'yata. Liman ya ce ƙasa ba ta zaɓen zare." Na ce na sani. Na san gaskiya ne. Amma ba ƙasa ce ta roƙe ni ba. Na ɗauko 'yar arafiyar da ke mazarina na zura a allura, da ita muka haɗa sawayen ƙyallen. Iyakar laushin da ya taɓa jikinta ke nan, bakin ɗinki.

A zaman makoki, masu gaisuwa daga Zakka suna zaure, na ji muryar maigidana ta cikin zana. Labarin jakada yake ba su, yadda ya ɗaga ƙyallen ya hura. Bai faɗi na wane ne ba.

Da kaka ta zagayo, saƙo ya riga jakada isowa. Wai rigar ta yi kyau, hakimi da kansa ya gani ya yi sha'awa, a tanadi irin na bara. Maigidana ya shigo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba.

"Uwar gida, a taimaka. Tsinkar fari ce, ni da kaina na zaɓo."

Na karɓi audugar, na kaɗa masa abawa, na miƙa masa.

"Wannan ai ba shi ba ne."

"Hannuna ya mutu."

"Jiya na ga kina tsince tsakuwa a gero."

"Wannan hannun gero ne. Na arafiya yana maƙabarta, ka je ka tono."

Ya ɗaga hannu, ya dubi idona, ya sauke. Ya kai tunkiyarsa kasuwa, ya bi ƙauyuka yana neman zare wurin matan mutane. Abin da ya samo bai kai ba, jakada ya karɓa yana yatsina fuska, babu hula. Daga shekarar nan abin ya zama ka'ida a kan Karare, kowace kaka sai an fitar da zugu an bi jakada da shi, har ya fi ƙarfin mutum ɗaya, mai gari ya raba wa duk masaƙan gari. Suka daina zama da maigidana a inuwa ɗaya. Muka ci gaba da zama ni da shi, ina dafa masa tuwo, ina wanke masa riga, na haifa masa 'ya'ya. Ban sake shafa alli don arafiya ba har ya mutu, shi ma bai sake tambaya ba.