Layin da na sassauta

Kaka ce, an gama yankan hatsi ana ɗaurin damma. Shekarar ba ta yi mana rowa ba, rumbuna sun cika, amma har yau in na tuna ta sai ƙirjina ya ɗau zafi.

Ɗiyata ta samu aiki a Dogondutsi. Wani biro, wato ofis, na babban birni ke turo mata kalmomin cikin salula da Faransanci, ita tana juya su Hausa, don waya ta riƙa yi wa irinmu magana da harshenmu. Na yi karatun manya, ina karanta Hausa da sannu, sai ta mai da ni mai duba mata. Takan zauna gefena da ordinatarta, wato kwamfuta, ina tankaɗe, tana karanto mini layi-layi. Layukan tsirara suke zuwa, ba hoto, ba wanda ya gaya mata inda kowanne zai zauna cikin wayar. Ga shi ana ta kiranta a kawo aiki kafin Juma'a.

Wata rana ta karanto, "Za a share komai, kuma ba zai dawo ba."

Na ce, "Haka za ki gaya wa mutum? Ko rasuwa za mu kai wa wani, ba mu shiga da ita a baki. Cewa muke jiki ya yi tsanani, a taho."

"Inna, waya ce fa, ba gidan makoki ba."

"Wayar ai a hannun mutum take."

Ta yi dariya ta ce, "To malama, kawo taki." Na ce a rubuta, za a gyara waya ta koma kamar sabuwa. Ta rubuta, ta wuce layi na gaba, ran Juma'a ta tura.

Yayata tana Matankari, tare muka yi karatun manya. Ɗanta na fari ya tafi haƙar zinari can arewa, rami ya rufta da shi, ko gawarsa ba a kawo ba. Abin da ya rage mata saƙonnin muryarsa ne cikin wata salula mai fasasshen gilashi. Akwai saƙo ɗaya da yake tambaya a ciki ko an sayar da bunsurunsa. Shi take saurare in ta gama sallar walaha.

Da Hausar ta fito, ɗiyata da hannunta ta juya wa yayata wayar zuwa Hausa, muna ta murna. Ba a yi sati biyu ba sai ga yayata bisa kabu-kabu da rana tsaka. Ta miƙo mini wayar.

"Duba mini. Nauyi take yi, na ga an rubuta gyara, na danna. Yanzu yaron ya ɓuya."

Ɗiyata ta karɓa ta duba. Na ga fuskarta, na gane. Amma sai ta ce, "Iya, bar ta nan, za mu bincika." A wurina ta koyi wannan.

Bayan yayata ta tafi na sa ta kira mutumin biron, ta ƙara murya ina ji. Yana ta haɗawa da Faransanci, wai an riga an miƙa aiki, gyara sai zagaye na gaba. Ban taɓa ɗaga wa namiji baƙo murya ba. Na karɓi wayar.

"Malam, kun watso mana kalmomi kamar tsabar kaji, ba ku ce wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe ba. Da kun nuna mana hoto ɗaya, da na bar maganar da kaifinta."

"Hajiya, a yi haƙuri, layi guda ne cikin aiki mai yawa."

"Layin nan yana cikin wayar kowace tsohuwa daga nan har Gecheme. Yau za ku cire shi."

Ya ce zai gaya wa na sama da shi, ya kashe. Na ji haushinsa, na ji haushin masu gaggawar Juma'a da ba su taɓa ganin hannun da ke riƙe wayar ba. Na ji haushin ɗiyata da ta biye mini, ita da ta ga Faransancin da idonta. Haushin kaina kuwa ya hana ni cin tuwo. Na tsaya bisa kan ɗiyata har ta mayar da layin yadda yake da farko ta tura musu, ko sun duba ko ba su duba ba.

Kwana uku yayata na aron wayar maƙwabta tana kira, "An samo shi?" Ɗiyata na cewa ana kan dubawa. A na ukun na ce mata ya isa.

Washegari na ɗaure wayar a bakin zane na hau motar Matankari. Na iske yayata tana shanyar kuɓewa. Muka gaisa, ta kawo ruwa, ban sha ba. Na ajiye wayar bisa tabarma tsakaninmu.

Na ce, "Yaya, muryar ta share, ba za ta dawo ba. Kuma kalmomin da kika karanta kika danna, daga bakina suka fito."

Na ja tabarmata kusa da tata na zauna.