Zanen Inna a Kan Tankin Ruwa

Shekarar da Inna ta zo mana Umra, lokacin muna zaune a unguwar Anbariyya a Madina, ba ta zo da kayan sawa masu yawa ba. Amma a ƙasan jakarta akwai wani farin saƙi, na ƙarshe da Baba ya saƙa kafin ya rasu, da ƙullin shuni a leda. Ta ce a Madina take so ta rina shi, domin Baba ya yi ta burin zuwa garin nan, Allah bai nufa ba.

Maƙwabciyata 'yar Jawa ce, asalinsu wani tsibiri can gabas mai nisa, amma a nan Madina aka haifi iyayenta. Da ta ga saƙin sai ta ce, "Ya Hajja, kafin ki rina, zo in kai ki lungunmu." Washegari ta ja mu cikin wasu tsofaffin gidaje inda 'yan Jawa suka daɗe da zama. Tun daga ƙofa muka ji ƙanshin kakin zuma. Wata tsohuwa, gwaggonta, na zaune a kan 'yar kujera, tana ɗebo narkakken kaki da wani ɗan ludayin tagulla mai siririn baki, ta hura shi, sannan ta zana fure a jikin yadi. Batik suke kiran aikin. Inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa, sai a tafasa yadin daga baya, zanen ya fito fari.

Inna ba Larabci, tsohuwar ba Hausa, amma wallahi sun fi mu hira. Tsohuwar ta shafa saƙin ta jinjina kai, Inna kuma ta karɓi ludayin ta ɗiga wa kanta kaki a gwiwa, ta yi "Wayyo!", suka yi ta dariya har da hawaye. Haka muka riƙa komawa muna shan shayi, har tsohuwar ta cika saƙin Baba da furanni ƙanana. Rini kuwa, Inna ta ce babu mai yi mata, ita da ta tashi a gidan marina. Muka kawo shi gida.

Washegari na dawo daga aiki da azahar, na tambayi Inna ina zanen.

"Na shanya shi a saman soro, kan tankin ruwa," in ji ta. "Na ji shi da danƙo-danƙo, na ce bari ya sha rana ya bushe."

Inna! Ranar Madina, a tsakiyar zafi, kuma a kan tankin ƙarfe! Na hau da gudu ko takalmi babu. Kakin ya narke, furannin sun malale sun shige juna. Inna ta biyo ni, ta tsaya a bayana. Ban taɓa jin tausayinta irin na ranar ba, don babu wani saƙin Baba da ya rage.

Muka koma lungun nan kamar masu zuwa ta'aziyya. Tsohuwar ta ware zanen, ta ɗaga shi a haske, ta daɗe tana kallo. Sai ta sa maƙwabciyata ta gaya mana cewa za a iya tafasa shi a sake daga farko, amma da nata ne, haka za ta rina shi.

Inna ta ce, "Kawo min baho."

A tsakar gidan 'yan Jawa ta haɗa shuninta. Da ya nuna muka koma, ta tsoma, ta matse, ta sake tsomawa, hannunta ya yi baƙi har gwiwa, tana mita wai ruwan garin nan ba ya jin magana. Da aka tafasa zanen, a gefe ɗaya furannin suka fito tsaf, tsakiyar kuma fari-fari kamar gajimare. Yaran gidan suka yi ta tafi.

Na ce, "Inna, ai bai lalace sosai ba."

Ta harare ni. "Wa ya ce miki ya lalace? Ubanki bai samu ganin ranar Madina ba. To, ga shi ita ta zo ta taɓa aikinsa."

Da shi ta yi sallar Juma'a a Harami, bai ma gama sakin shuni ba.