Kafin Gangirwal Ya Sa Hula

A siton kago, wato kayan da ake aikawa ƙasashen waje, inda nake aiki a unguwar Al Qusais ta Dubai, akwai wata ƙofar baya inda nake zama in an tashi cin abincin rana. Babu abin kallo a wurin, katanga ce da rairayi da sama fara fat. Amma in na ɗan lumshe ido sai duwatsun gida su taso daga bayan katangar, wannan na leƙen kafaɗar wancan: Cabbal Hendu mai iska, Cabbal Shirgu, can ƙurya kuma Gangirwal, babbansu, shuɗi-shuɗi kamar hayaƙin murhu da safe. A cikin gandun dajin Gashaka aka haife ni, a ƙauyen da mota ba ta san hanyarsa ba. Daga Serti sai babur, daga babur sai ƙafa, a haye kogi, sannan a kama hawa.

Maigidana Bakano ne, mutumin kirki, sai dai bakin tsiya. Ranar da na ba shi labarin duwatsunmu ya ce ai su ma suna da Dala. Dala fa! Na ce Alhaji, ka rufa wa kanka asiri, wannan a wurinmu suri ne, awaki ma ba sa ɗaukarsa hawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, tun daga nan yake ce mini ɗan dutse.

Baba ya yi shekaru yana yi wa baƙi jagora a kan duwatsun nan, har ƙafa ta gaji, ido kuma ya tafi gaba ɗaya. Ba ya kama sunana, don ni ne ɗan fari, sai dai ya ce wancan na Dubai. Ƙauyenmu babu sabis, sai an hau wani tudu a bayan gari, gindin wata bishiya. Daga can ƙanwata ta kira ni wata rana, tana haki. Ta ce jikin Baba ya yi laushi, ba ya cin abin kirki, kuma ya ce a gaya wa wancan na Dubai ya zo kafin Gangirwal ya sa hula.

Mu ba ma lissafa damina da kalanda. Ranar da gajimare ya zauna a kan Gangirwal tun safe ya ƙi tashi, to dutse ya sa hula, ruwa ya iso ke nan. In ya fara zuba, kogi ya cika ya batse, wanda ke sama yana sama, wanda ke ƙasa yana ƙasa, sai kaka.

Na kai wa maigida maganar hutu. Ya ce in ba shi rana. Na faɗa masa yadda Baba ya ce. Ya dube ni ya ce yalla, haba ɗan dutse, hula zai rubuta wa mai tikiti? Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa ce. Na zauna na auna da daminar da na sani ina yaro, na zaɓi rana bayan mun gama loda kwantenonin da ke gabanmu, ya ce khalas, an gama.

Kwanakin nan jikina ne kawai a Dubai. Ina naɗe kwali da salatif, hancina na jin ƙamshin ciyawar tudu bayan raɓa. Wata safiya hazo ya sauko garin, ina cikin jirgin metro, dogayen benayen nan suka rasa kawunansu, ƙafafu kawai ake gani. Na jingina da gilashi, sai ga ni a bayan Baba, yana gaba da sandarsa, hazo na wucewa ta tsakaninmu, shanu na kuka a wani kwari da ba ma gani. Sai da na wuce tashata na farga.

Ranar Juma'a bayan masallaci waya ta yi ƙara, kiran bidiyo. Ƙanwata ce a gindin bishiyar, ga Baba a gefenta zaune a ƙasa. Ta ce shi ya matsa, ta ja shi da sanda suka hau tudun, suna hutawa a hanya. Ya rame har na ji tsoro. Muka gaisa. Sai ya ce mata ta juya wayar gabas, ita ba ta san duwatsu ba, wancan na Dubai ya duba masa.

Hoton na rawa, yana yankewa. Na ga Hendu tas, na faɗa. Na ga Shirgu, na faɗa, yana gyaɗa kai. Sannan wayar ta tsaya a kan Gangirwal. Fari ne tun daga wuya har sama, a zaune daram, ko motsi ba ya yi. Saura mako tikitina.

"Ya sa?" in ji Baba.

Ƙanwata ta maido wayar kansa. Wallahi na so in ce a'a. Amma iskar na kaɗa masa riga, kuma na san hancinsa ya riga ni gani.

"Ya sa, Baba."

Ya murza kan sandarsa. "To, kada ka taso. Kogin nan bai san ɗan gida ba. Ka bari sai kaka."

Na ce zan gwada, ko da iyo ne. Ya ce shi ya sha ciro masu iyo daga ƙarƙashin itace, bai yarda ba, bai kuma yafe ba in na taso. Ya sa mini albarka, doguwa, irin wadda bai taɓa yi mini ba, a ciki har ya kama sunana. Ƙanwata ta kau da kai tana share ido.

Ban taso ba. A tsakiyar damina aka rufe shi, kuma sai da ruwa ya ɗan tsagaita ƙanwata ta iya hawa tudun ta gaya mini.