Murfin Lagireto

Jiya da hantsi na buɗe akwatina ina neman wata takarda, sai warin tagulla da tsohon man inji ya bugi hancina. Murfin lagireto ne, naɗe cikin tsumma. Bari in ba ka labarinsa bi da bi, don ba na son magana a hargitse.

A lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, gidanmu kuma yana Badariya. Kakana ɗan kasuwar shinkafa ne. Ya rasu ya bar wata tsohuwar mota 'yar Faransa a rumfar da ke gefen zaure, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Shekarar da na shiga aji shida, bayan an gama yankan shinkafa, Baba ya ɗaga bonet ɗinta ya ce zai mai da injin yadda ya fito daga kamfani. Ba tashi kawai yake so ta yi ba. Kowane noti, kowane tiyo, sai irin wanda ta zo da shi.

Yana da tsari. Da farko ya kwance komai ya wanke da kananzir. Sannan ya shimfiɗa tabarma ya jera kayan yadda ya cire su, daga hagu zuwa dama. Abin da ya lalace ya ware gefe, ya shiga nemansa. Kafireto daga Sakkwato aka samo. Fambel sai da aka yi wata biyu ana jira.

Ni ne ɗan fari. Ka san al'adar: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yaba masa a gaban mutane, ba ya jan sa a jiki. Ni a bakin Baba "kai" ne, ko "wancan". Ƙanena kuwa sunansa yana tashi a rumfar nan sau ashirin a rana. Shi ake ɗorawa a kan madigadi, shi ake miƙa wa sufana, alhali bai san lamba goma da sha biyu ba. Ni na haddace jerin tabarmar nan kaf. Ba wanda ya tambaye ni. Har injin Baba yakan yi wa magana a hankali, ni ban samu ko wannan ba.

Ranar da na ga ya goge murfin lagireto da toka da lemun tsami har tambarin kamfanin ya fito, ya ɗora wa ƙanena a tafin hannu ya ce ya ji nauyinsa, ranar zuciyata ta ƙi. Da suka tafi sallar la'asar na ɗauke murfin, na cusa shi cikin buhun shinkafa a ɗakin ajiyar Inna.

Aiki ya tsaya. An share rumfa, an tone ƙasa, an zargi awaki. Baffana ya sayo sabon murfi a kasuwa, ya kuwa zauna daidai a bakin lagireton. Baba ya juya shi sau ɗaya ya mayar masa.

"Wanga ba nata na ba."

"Yaya, murfi murfi na! Ruwa zai tambaye shi asalinai?"

Baba ya juya ya koma kan kayan tabarmarsa.

Bazara ta shigo, motar tana nan da bonet a buɗe. Wata safiya Baba ya ce wa Inna, "Ce ma wancan ya sa riga." Muka hau motar Argungu mu biyu. Ban taɓa tafiya da shi ni kaɗai ba. Akwai wani tsohon bakanike a can, bayan kasuwa inda warin busasshen kifi ya cika iska, wanda aka ce yana da gawar irin motarmu. Muka same ta, amma murfinta ya daɗe da tafiya. Tsohon ya dube ni.

"Alhaji, wanga ɗan wa na?"

"Yaron gidanmu na."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Na hwari ke nan! Ji shi, ko dubanai bai iya yi." Sannan ya ce wa Baba ya haƙura ya sa na kasuwa.

Baba yana kallon ƙasa ya ce, "Shi ta hwara zuwa da shi. Na hwarko ba ni musanya shi, ko ban yi maganatai ba."

Ban san ko murfi kaɗai yake nufi ba. Da za mu dawo ya sayo rake a tasha ya miƙo mini ba tare da ya juyo ba.

Washegari da azahar na tono murfin, na karkaɗe shinkafar, na ajiye shi a tabarma, daidai gurbinsa, bayan tiyon sama. Baba ya dawo daga masallaci, ya ɗauka, ya hure wata ƙwayar shinkafa da ta maƙale a gefensa, ya ɗaura. Bai tambayi kowa ba. Motar ta tashi kafin ruwan farko. Kuma da aka fita gwaji, sunan ƙanena ya kira ya zauna gaba. Ni baya.

Da Baba ya rasu aka raba gado, motar ta faɗa wa ƙanena. Tana Gwadangaji yanzu, injinta cike da kayan gyara na kasuwa, don yau ba wanda ke jiran fambel wata biyu. Abu ɗaya na roƙa, murfin. Ya ba ni yana dariya.

Yaran yanzu suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, har su ɗauke su a kafaɗa a bakin titi. Ba na cewa laifi ne. Ni dai ɗana na fari ya haura shekara talatin, bakina bai taɓa iya sunansa ba. Jiya ya shigo gaishe ni, ya tarar da murfin a hannuna. Na ce, "Kai, zo ka ji nauyinsa."