Furar Baffa da nonon wake

Duk wanda ya karanta tarihin duniya da natsuwa zai ga dauloli sun tashi sun faɗi, amma tambaya ɗaya ba ta taɓa tsufa ba: da me za a dama fura? Shekara uku ina koyarwa a wata firamare kusa da Tudun Wada, albashina yana ba ni amsa ɗaya, wato ba da nono ba.

Nama kuwa tuni muka yi sallama da shi cikin mutunci. Maiɗakina ta riƙe gidan da wake, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale da awara. Wata rana na gani a waya cewa a Turai akwai masu hali da ke ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, da gangan, har da rubuta littattafai. Na karanta mata. Ta ce in gaya musu sun makara.

Akwai wani dattijo Bafulatani daga wajen Doguwa, aminin marigayi mahaifina, da ke sauka a zaurenmu ranar kasuwa. Baffa nake ce masa. Ciwon huhu ya shiga garkensa, abin da ya tsira ya sayar, kuma tun daga nan ya daina shan fura. Mutumin da ya tsufa yana kyautar nono ba zai tsuguna gaban ƙwarya ya saya ba. In 'yan'uwa suka aiko masa, sai ya ce cikinsa ba daɗi. Tuwo loma biyu yake yi ya wanke hannu. Rigarsa ta fara yi masa yawa.

Maiɗakina ce ta jiƙa waken suya, ta kai inji, ta tace da ƙyalle, ta tafasa, ta bar shi ya yi tsami, ta dama fura da shi. Ta gargaɗe ni kada in ɓoye wa Baffa ko mene ne, domin ba wanda zai ce an ji tausayinsa da wake.

Baffa ya sunsuna ƙwaryar, ya dube ni.

"Malam, wace saniya ce wannan?"

"Irin wadda ake shukawa ce, Baffa."

"Kaɗo dai Kaɗo ne. Ku babu abin da ba za ku tatsa ba."

Ya ce zai ɗanɗana ludayi guda don ya san ta inda zai kushe. Ya kuwa kushe: ba maiƙo, warin gona yake, ko maraƙin da ya rasa uwa ba zai kalle shi ba. Ni kuma na buɗe masa darasi a kan abinci mai gina jiki, bai ji ko kalma ba. Yana kawo aibi yana kai ludayi baki, har ƙwaryar ta nuna gindi. Da zai tafi ya leƙa ƙofar tsakar gida, ya ce wa maiɗakina, "'Yata, Allah ya yi albarka. Mako mai zuwa a ƙara tsami."

Kafin damina kumatunsa sun dawo. Ya nemi iri, na ba shi, ya shuka a tsohon makwancin shanunsa, inda taki ya daɗe yana jira. Na shaida wa abokan aikina a ofishin malamai cewa zamanin saniya ya ƙare, tunda har Bafulatani ya miƙa wuya, kuma a zaurena aka yi.

Da kaka Baffa ya sayar da waken gaba ɗaya, ya sayi 'yar maraƙa.