Kowa Sai Ya Kira Gida

Mahaifina kanar ne mai ritaya. Lokacin da ƙasashen yammacin Afirka suka haɗa sojoji suka shiga wani yaƙi, shi ke riƙe da ɗakin tsara farmaki a hedikwatar rundunar. Bai cika ba da labarin ba. Mu dai mun san shi da karin guga a wando, da faɗa in an makara zuwa coci.

Bayan rasuwar Mama ya zauna wajen yayana a unguwar Selly Oak, a nan ƙasar Turawa da muke zaune, har ciwon mantuwa ya fara cin sa. A shekarun da gwamnati ke tsuke bakin aljihu aka rufe cibiyar da yake wuni da sauran tsofaffi, yayana kuma ya rasa aiki, sai na ɗauko Baba zuwa wajena a unguwar Levenshulme, a wani gari daban. Ina aiki a kantin magani. Da na fita, Baba zai kunna gas ya manta, ko ya sa kwat ya nufi babban titin Stockport Road neman direbansa na zamanin soja. Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba: wanda zai zauna da shi da rana, don kada in rasa aikina.

Na yi ta zarya a ofisoshin hukuma har aka kira taro. Ga ma'aikaciyar kula da tsofaffi ta nan, ga ta can garin yayana a waya, ga nas daga asibiti. Dukansu masu kirki ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don na rasa wanda zan zaga. Ta nan ta ce sunansa yana can, ta can ta ce ai ya bar garinsu, nas ta ce sai an tantance ko lalurar ta asibiti ce. Kowa zai tuntuɓi manajansa.

Baba na gefe, na ɗauka hankalinsa ba ya wurin. Sai ya gyara zama ya soma magana da Hausa tiryan-tiryan, yadda na daɗe ban ji ba. Ya ce a hedikwatarsu kwamanda ɗaya ne, amma kowace ƙasa da hafsanta a teburin. In kwamanda ya ba da umarni kowa zai sara masa, sannan ya fita ya buga waya babban birnin ƙasarsu ya ji ko an yarda. Wata rana 'yan tawaye suka kewaye yaransa a bakin wata gada. Bataliyar wata ƙasa na kusa, da motoci da mai. Hafsansu har hawaye ya yi, amma daga gida ba a amsa masa ba. Baba ya zauna gaban rediyo yana ce wa yaran su riƙe wuri, taimako na tafe, har rediyon ya yi shiru.

Nas ta tambaye ni me yake cewa. Na kasa fassarawa.

A bas ya kama hannuna.

"Uwata, yaran can na ce musu su jira. Ke ba zan ce miki haka ba. These people are not coming, mutanen nan ba za su zo ba. Ki san yadda za ki yi da ni."

Na yi kuka a gaban mutane, ban damu ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Kafin mu sauka ya riga ya manta, yana tambayata ko ni 'yar wace ƙasa ce. Ranar Litinin na ajiye aiki.