Makullin da Yayana Ya Tafi da Shi

Yayana mahaddaci ne, ga taurin kai kamar na jaki. Shago ɗaya muke zama a kasuwar Mont-Bouët a ƙasar Gabon, muna sayar da atamfa. Da ya fara ajiye ribarsa a kirifto, kuɗin nan na intanet, manhajar ta ba shi wasu kalmomin sirri, ta ce ya adana su. Na ce, "Yaya, ka rubuta ka ba matarka mana." Ya harare ni. Wai shi da ya haddace izu sittin, 'yan kalmomin nan ne za su gagare shi?

Bai manta ba kuwa. Mota ce ta kaɗe shi a hanyar Ntoum, wayar ta yi raga-raga, shi ma bai kai asibiti ba.

Bayan sadakar bakwai, dattawanmu na unguwar Nombakélé suka zauna rabon gado. Liman ya ce a karɓo takardar mutuwa, a haɗa da shaidu, mu je ofishin masu kirifton mu yi bayani. Haka muka saba, ko kaya aka riƙe a tashar jirgin ruwa, babba ne ke shiga gaba a yi roƙo. Na ce, "Allah gafarta malam, abin nan ba shi da ofishi." Ya dube ni kamar na yi saɓo.

Muka kira abokin Yaya, wani ɗan Garoua da ya koya masa harkar. Ya buɗe wayarsa ya nuna mana dukiyar a fili, kowa na iya gani. Amma ba ta motsi sai da makulli, makullin kuma daga kalmomin nan ake fitar da shi ta hanyar lissafi. Wani dattijo ya ce, "To a yi ta gwadawa." Mutumin ya ce ko injinan duniya suka taru, sai a tashi ƙiyama ba su dace ba, shi ya sa ɓarawo ba ya iya taɓawa.

Wane ɓarawo? Marayu uku ne zaune a tsakar gida. Wallahi haushin Yaya ya cika ni, ga kunyar jin haushin mamaci.

Matarsa ta koma Kano da yaran, tana ɗinki. Duk sanda za a koma makaranta sai ta kira ni.

"Baffan yara, ka duba kuɗin? Suna nan?"

"Suna nan."

Sai ta ce in gaida mutan gida.